Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da 4 ta ɓace min

Jama'a barkanmu da warhaka. Makon jiya na tsaya inda aka kwantar da Baba a asibiti ana saura kwana tara jarrabawar lissafi, to daga nan zan ɗora.

Wallahi da shirina na shiga, don karatu kam na yi shi. Aka raba takarda, cikin tambayar farko akwai 47 sau 6. Na ce bakwai sau shida arba'in da biyu, na rubuta 2 na riƙe 4 a ka, sai wata zuciyar ta ce min tashi ka tafi wajen Baba, wata ta ce in ka faɗi jarrabawar nan duk wahalar da ya sha a kanka ta tashi a banza, kafin su gama musu 4 ɗin nan ta yi ɓatan dabo. Na koma farko. Sau uku fa ina komawa a kan lissafin da ɗan firamare zai yi, gumi na ɗiga kan takarda, na kusa da ni har ya juya shafi.

Na daɗe ina ɗauka daƙiƙanci ne ya same ni ranar. Sai daga baya na karanta cewa ƙwaƙwalwa tana da wani ɗan wuri da take riƙe abin da ake aiki da shi yanzu-yanzu, kamar tafin hannu. Wani masanin halayyar ɗan Adam, George Miller, a 1956 ya ce abu bakwai yake ɗauka, ko a ƙara biyu ko a rage biyu, wani masanin kuma, Nelson Cowan, a 2001 ya ce ina, wajen huɗu ne ma. Kuma damuwa ba ta da ɗakinta daban, a tafin hannun nan take zama ita ma. Baba ya kama gurbi, tsoron faɗuwa ya kama, ƙoƙarin da nake na kore su shi ma ya cinye nasa, to ina 4 za ta zauna?

Abin haushin, a 2011 wasu masu bincike, Gerardo Ramirez da Sian Beilock, sun sa ɗalibai su zauna minti goma su rubuta abin da ke damunsu kafin jarrabawa, masu yawan fargaba makinsu ya tashi. Minti goma kacal! Ni kuwa danne nawa na yi ta yi, ko a gefen takarda ban yi dabarar rubuta 4 ɗin ba.

Ina tambaya ta uku mai tsaronmu ya ce saura minti ashirin. Ɗaga kan da zan yi sai na hango yayana tsaye bakin taga yana yafito ni da hannu.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.