Tokar bana

Yau Larabar Toka, ranar da muke fara azumin kwana 40 a coci. Muna layi a coci da sassafe, katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya tuna mana cewa ganyen dabinon da muka riƙe bara ranar Lahadin Dabino aka ƙona aka samu tokar nan. Gabana ya faɗi. Baba ma ya ɗaga nasa ranar, hannu na rawa, yana rera Hosanna da dusasshiyar murya. Bayan rasuwarsa ganyen na nan rataye a ɗakinsa, ni na kai shi coci makon jiya.

Da Fada ya zana min gicciye a goshi ya ce, "Ke ƙura ce, ga ƙura za ki koma," sai hawaye. Har yamma na kasa wanke goshina. Azumin kwana 40 na farko ke nan da zan yi babu Baba.