Ranar da na raka Baffa makarantarsa

Asabar, bayan isha'i.

Yau aka yaye autarmu a Jami'ar Bayero. Tun jiya Baffa ya ce ƙafarsa ƙafarmu, duk da ciwon gwiwar da ke damunsa. Ƙarfe bakwai na ɗauko shi, amma cunkoson Kabuga ya riƙe mu, sai wajen tara muka shiga sabuwar jami'a ta titin Gwarzo.

Filin taro ya cika maƙil. Masu hoto na jan hannun mutane, masu zoɓo da kunun aya na ta ciniki. Da malamai suka shigo a jere cikin rigunansu masu launi-launi, na ga Baffa ya miƙe da sandarsa, bai zauna ba sai da na ƙarshensu ya zauna. Auta kuwa tana fitowa Inna ta rangaɗa guɗa, hular nan mai geza ta karkace mata, Baffa ya sa hannu ya daidaita ta. Sai ya nuna rubutun Larabcin da ke tambarin jami'a ya ce ta karanta. Ta karanta: wa fauƙa kulli zi ilmin alim. Ya ce, "A wace sura?" Ta ce Yusuf. Nan ya sa mata albarka.

A hanyar dawowa ya ce in shiga tsohuwar jami'a. Gaskiya na gaji, amma da ban shiga ba da na yi asara.

Muka zauna a gindin wata darbejiya ya fara ba ni labari. A 1960 aka fara makarantar a cikin Makarantar Nazarin Larabci, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'ar Zariya a 1962 sunan ya koma can, ta nan ta ɗauki sunan Sarki Abdullahi Bayero. Har a tsohon otal ɗin filin jirgi ta yi zama kafin ta tare a nan bakin ganuwa. Shi a farkon shekarun 1970 ya shigo, shi ya sa takardar digirinsa sunan jami'ar Zariya ne a kai, alhali a Kano ya yi karatunsa kaf. Sai a 1977 ta tsaya da ƙafarta, Dakta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. Shekara biyu ina shiga ɗakin taron da ke ɗauke da sunan mutumin nan ban taɓa tambayar ko wane ne ba, yau abin ya taɓa ni.

Ya ce, "Ɗan nan, kai me kake bincike a kai?"

Na ce waƙoƙin niƙa da daɓe, Baffa, amma masu yin su sun yi ƙaranci, injin niƙa da siminti sun kore su.

Ya yi shiru. Can ya ce lokacinsu da rikoda da batir suke shiga ƙauyuka a kan keke, su durƙusa gaban tsofaffi su naɗi magana. Wata tsohuwa a wajen Dawakin Tofa ta taɓa yi masa waƙar niƙa tana kan dutsen, har ƙarar dutsen ta shiga kaset ɗin. Yana jin kaset-kaset ɗin na nan cikin adakarsa.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Gobe bayan azahar zan je mu buɗe adakar. Saura in samo rediyo mai cin kaset, na ji an ce maƙwabcinmu mai gyara yana da ɗaya.