Tambayoyin masu saye ne suka gyara mini shafin kasuwancina

Kayan wutar sola nake sayarwa, kuma ni da kaina nake kula da shafin kasuwancin a intanet. Manhajojin tallata shafi suna da yawa, kowacce da alƙawarinta, amma wadda ta fi yi mini amfani ita ce Google Search Console, ga ta kuma kyauta. Da zarar ka tabbatar wa Google cewa shafin naka ne, sai ta fara nuna maka abin da mutane suka rubuta a wurin bincike kafin su ci karo da kai, sau nawa shafin ya bayyana musu, da kuma mutum nawa suka danna suka shigo. Tana ajiye wannan bayanin har na wata 16, saboda haka kana iya kwatanta bana da bara.

A nan na ga tazarar da ke tsakanina da masu saye. Ni ina jera sunan batir da lambarsa da ƙarfinsa, su kuwa damuwarsu suke rubutawa: me ya sa batirina ba ya kaiwa asuba, faranti nawa ne zai ɗauki firij, ko sola tana aiki in akwai hadari. Sai na riƙa ɗaukar tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kowacce in buɗe mata shafinta, in sa tambayar ta zama kan magana, in amsa ta tsakani da Allah kafin in ambaci abin da nake sayarwa. Wani lokaci amsar ita ce mutum ya gyara abin da yake da shi, kada ya sayi sabo. Haka nake rubutawa, domin na lura wanda ka faɗa wa gaskiya yau, kai zai nema ranar da ya tashi saye. Aikin yana son haƙuri. Sabon rubutu kan ɗauki makonni kafin ya fara hawa sama a sakamakon binciken Google, amma idan ya hau, yana ta kawo mutane ba tare da ka biya kuɗin talla ba.

Saurin buɗewar shafin a waya ma na duba shi da manhajar PageSpeed Insights, tunda siffar shafi ta waya ce Google yake dubawa. Rage nauyin hotuna kawai ya magance mafi yawan matsalar.

Facebook da Instagram da WhatsApp Business duk ina amfani da su, sai dai kowane adireshin shafina da na sa a can nakan liƙa masa alamar UTM, wadda take gaya wa Google Analytics, manhajar ƙididdige baƙin shafi, ta inda baƙo ya shigo. Wannan ya buɗe mini ido. Hoton da ya tara yabo da yawa sau tari ba ya kawo ciniki, alhali gajeren bidiyo na yadda ake haɗa wayar wuta da batir, wanda ba a cika kula shi ba, shi ke turo masu tambayar kaya.

Ban yarda in ɗora kasuwancina kacokan a kan waɗannan dandali ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp duk sun ɗauke na kusan awa shida, kuma duk wanda ba shi da wata hanyar isa ga abokan cinikinsa sai zaman jira. Gidan aro ne, mai shi yana iya sauya doka ko yaushe. Shi ya sa nake roƙon masu shigowa shafina su bar adireshin imel ɗinsu idan sun amince, in riƙa aika musu saƙo ta Mailchimp, manhajar aika imel ga mutane da yawa, jefi-jefi, sai in akwai abin faɗa. Yawancin abin da nake aika musu ma daga Search Console yake fitowa: kowane mako nakan buɗe ta in nemi tambayar da ake yawan yi wadda shafina bai amsa ba tukuna, in zauna in rubuta amsarta.