Tsibirin Kunta Kinteh: ruwa na cinye shi muna kallo

Duk wanda ya zauna a Gambiya ya san sunan tsibirin nan, amma kaɗan ne cikinmu ƴan kasuwa da ke Serekunda suka taɓa taka shi, ni ma sai da wani abokina ɗan Juffureh, ƙauyen da ke gaɓar kogi daura da tsibirin, ya ja ni aikin sa kai na share wurin sannan na fara zuwa, daga nan kuma abin ya shiga raina. Hanyar ba wuya, ka hau feri daga Banjul zuwa Barra, ka shiga mota zuwa Albreda, sai kwale-kwale mai inji ya tsallaka da kai tsakiyar kogin Gambiya, wajen kilomita 30 daga inda kogin ya faɗa teku.

Abin da ya fara girgiza ni ƙanƙantarsa. Wallahi ko filin ƙwallo bai kai ba, ƴan bishiyoyin kuka ne da rusassun bangaye da igwa kwance a ƙasa tsatsa ta cinye su, amma kan wannan ɗan wurin Turawa suka yi ta kashe juna shekara da shekaru. Ƴan Fotugal ne suka fara sauka a 1456 suka binne wani matuƙinsu suka sa wa wurin St Andrew, a 1651 mutanen Courland, wato yankin Latbiya ta yanzu, suka gina sansani, Ingila ta ƙwace a 1661 ta sa masa James, Faransa ta kama shi a 1695 ta sake rusa shi a 1779. Duk rigimar a kan wa zai riƙe bakin kogin ne, dan ta nan zinariya da hauren giwa da bayi ke fitowa daga cikin ƙasa. Da Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807 ta kafa Bathurst a 1816, wato Banjul ta yau, sai tsibirin ya rasa amfani aka watsar da shi. A 2003 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, a 2011 gwamnati ta canza masa suna zuwa Kunta Kinteh, sunan ɗan Juffureh ɗin nan da littafin Roots ya ce an kama shi bawa aka kai Amurka.

Toh aikin da muke yi dai tsince leda da robobin ruwa ne da igiyar ruwa ke turowa, da cire ciyayi da ƙananan tsiro da ke fitowa a tsagin bango, da maida duwatsun da suka gangaro zuwa gefen da ruwa ke duka. Na farkon kowa zai iya, cire tsiron ne ke son hankali, saboda in ka fizge shi da ƙarfi saiwar za ta taho da ƙasar da ke riƙe da dutsen, sai ka yanke shi daga tushe ka bar sauran. Wani dattijo magini da muke tare ya kama hannuna ya ɗora a jikin bangon ya ce in murza, ina murzawa sai gari ya biyo yatsuna, fari fat, da gishiri-gishiri in ka ɗanɗana. Na ce Baba me zai hana a shafe shi da siminti a huta? Ya ce ɗana siminti ai shi zai ƙarasa shi, yana toshe damshin a ciki gishirin ya yi ta cin dutsen ta baya har wata rana fuskar bangon ta ɓallo gaba ɗaya, abin da ya dace da irin wannan gini farar ƙasa ce wadda ake samu in an ƙona ɓawon kawa, ita tana barin bango ya sha iska. Tun daga ranar na daina ganin gyaran tsohon gini kamar aikin kowane birkila.

Amma gaskiya duk wannan ƙaramin abu ne in aka haɗa da zaizaya. Ruwan wajen na gishiri ne kuma yana cika yana janyewa sau biyu kullum kamar na teku, duk cikowa sai ya ɗan gutsiri gaɓa, in ya janye kana ganin saiwar kuka a waje tsirara da tubalan ginin da a da suke kan tudu yanzu suna cikin laka. Mu kwashe leda yau gobe wata ta zo, wannan ba komai, ƙasar da ta tafi ita ce ba ta dawowa, kuma tare ta sai da manyan duwatsu da kuɗi da injiniyoyi, ya fi ƙarfin ƴan sa kai. Hukumar NCAC, wato cibiyar fasaha da al'adu ta Gambiya, ita ke kula da wurin, kuɗin tikitin da mutum zai biya bai kamata ya tsaya yana ciniki a kai ba.

Wani abu da ke min ciwo shine baƙi masu hawa kan bango dan ɗaukar hoto, da masu sa ɗan dutse ko fasasshen tangaran a aljihu wai tsaraba. Akwai wani ɗan ɗaki mai duhu a ƙasan ginin da masu jagora ke nunawa a matsayin inda ake tsare bayin da suka yi turjiya, tagarsa ƴar mitsitsiya, in ka shiga ka tsaya minti biyu numfashinka zai canza, kuma tsibirin ba shi da ruwan sha ko kaɗan sai an kawo daga gaɓa, ka ƙiyasta wa za a fara hanawa in ya yi ƙaranci. Wurin da aka yi wa mutane haka bai cancanci a riƙa tattaka shi ba.

In za ka je ka tambayi masu kwale-kwale lokacin da ruwa ke janyewa dan a nan za ka ga ɓarnar da idonka, ka tafi da ruwan sha da buhu ko guda ɗaya, ka ɗauki ɗan jagora daga Albreda ko Juffureh ka biya shi da kyau, sannan ka leƙa gidan tarihin bauta da ke bakin gaɓa kafin ka koma Barra.