Laraba, aikin safe a ɗakin mata

Wajen ƙarfe goma aka kawo wata tsohuwa daga wani ƙauye ta wajen Gwarzo, jiki zafi rau, numfashi da ƙyar. Jikarta ce ta rako ta, katin asibiti kuwa ya ɓace tun bara. Na maƙala mata ɗan na'urar awon iskar jini a yatsa, ta nuna 88, wato iskar ta yi ƙasa, muka sa mata oksijin. Likita ya ce ciwon huhu ne, ya rubuta allura.

Kafin a haɗa allurar Sista ta ce in nemo fayil ɗin tsohuwar a kwamfuta. Da lambar wayar ɗanta muka samo ta. Sai ga jan rubutu a saman shafin: an taɓa yi mata fenisilin, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, fuska ta kumbura. Allurar da aka rubuta yau kuma dangin fenisilin ce. Sista ta kira likita, nan take ya canza.

Na ce, "Baaba, ba ki gaya mana akwai maganin da jikinki ba ya so ba."

Ta ce, "'Yar nan, ni ina na san sunansa? Fari ne dai, a 'yar kwalba."

Gaskiyarta. Tsofaffinmu ba sa riƙe sunan magani, fayil ɗin takarda kuma sai a wuni ana nema. Nas ɗin da ta zauna ta shigar da wancan layi guda ban san ta ba, amma na yi mata addu'a. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an tsallake gurbin rubuta maganin da jiki ba ya so wai ana sauri.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, sola ta riƙe kwamfuta ɗaya tak. Muka koma biro da takarda, daga baya mu sake shigarwa. Aiki biyu, ƙafa kuma ta gaji.

Da magariba a hostel muka yi gwajin tambayoyin da malamarmu ta turo ta WhatsApp, tunda jarrabawar kansul, wato hukumar da ke ba nas lasisi, yanzu a kwamfuta ake yinta. Ƙawata har yanzu hannunta na rawa a kan mawus, alhali a ward ta fi mu iya samun jijiya. Mun shirya ranar Asabar mu je ɗakin kwamfuta tare tun da safe, kafin layi ya yi tsawo.