Dutsen Fontainebleau bayan ruwan sama: bushewar fuska ba bushewa ba ce

'Yan'uwa masu koyon hawan dutse, yau an sake ganin sabon karyayyen mariƙi, wato wurin da mai hawa ke kamawa da hannu, a dajin Fontainebleau da ke Faransa, farin tabo fes a jikin dutse mai ruwan toka, ga gutsuren a ƙasa. Raina ya ɓaci sosai, domin dalilin a fili yake: an hau dutsen da danshi a cikinsa.

Dutsen Fontainebleau dutsen yashi ne, yana shan ruwa. Ƙarfinsa yana a siririn ɓawon da ke waje, ciki kuwa yashi ne da ya manne. Idan ruwa ya shiga, mannewar ta yi rauni, sai ƙananan mariƙai da siraran ɓallin dutse su ɓalle da zarar an ɗora musu nauyi. Kuma ɓawon idan ya tafi, yashin ciki zai yi ta zuba.

Matsalar ita ce iska takan busar da fuskar dutse cikin awa ɗaya ko biyu, ka taɓa ka ji garau. Kada ka yarda. Ka tona yashin gindin dutsen da yatsa, zurfin gaɓa ɗaya. In akwai laima, dutsen ma haka yake. Ka leƙa cikin ramuka da tsagogi, su ne ƙarshen bushewa. Bayan ruwa mai ƙarfi a jira awa 24 zuwa 48, a lokacin hunturu ko ƙarƙashin inuwar bishiyoyi fiye da haka. Wuraren hawa masu sarari da iska a dajin, irin su Cul de Chien da wanda ake kira 95.2, sun fi saurin bushewa. Goge mariƙi da tawul fuskar kawai yake busarwa. Zuba masa alli, garin da muke shafawa don busar da hannu, ya fi muni, don yakan kwaɓe ya toshe ƙofofin dutsen, ya daskare. Hura masa wuta kuma ɓarna ce tsantsa, ɓawon yake fasawa.

Na sani, kuɗin jirgin ƙasa daga Paris da na hayar katifar da ake shimfiɗawa a gindin dutse saboda faɗuwa su tafi a banza akwai ciwo. A haƙura a zaga a duba hanyoyin hawa da ido.

Inda muka ci gaba, kuma ina alfahari da shi, shi ne tsabtar takalmi. Yanzu kowa a rukuninmu yana da guntun kafet, a goge ƙasan takalmi har ya yi ƙara a tafin hannu kafin a taka dutse. Yashin takalmi ne ya goge matakan Bas Cuvier, wani wurin hawa a dajin, suka koma kamar gilashi. Ku dubi Marie-Rose, wata hanyar hawa a can da aka fara hawa a 1946. Buroshi mai taushi kawai, na ƙarfe ko kusa. Layukan alli da ake ja don nuna mariƙi a share su kafin a tashi. Katifa a ɗauke ta, kada a ja ta a ƙasa, tana kwashe yashi ta tone saiwoyi.

Saura mu koyi rage yawan allin tun daga hannu. Wannan har yanzu da sauranmu.