Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tudun Bakin Titi

A makon jiya na tsaya a inda na ba ku labarin hunturuna biyu na farko a jihar Minnesota ta Amurka, yadda na koma kamar kaza mai kwanci: daga gida sai wurin aiki, daga wurin aiki sai gida, labule a sauke. A watan Disamba ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi. A wurin aiki nake yin magariba, ina isowa gida isha'i ta yi, in duba agogo in ga bakwai ma ba ta cika ba, ga dare shimfiɗe a gabana kamar hanyar Agadas. Maman yara ta ce na zama mafaɗaci. Ba ƙarya ta yi mini ba.

Auta ce ta fitar da ni. Tana aji huɗu a lokacin, sai ta zo da takarda daga makaranta wai in sa hannu, duk Juma'a da yamma bas za ta kwashe su zuwa Buck Hill koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Na ce, "Mu a garinmu santsi gudunsa ake yi. Nan kuma har kuɗi za a biya a je nemansa?"

Ta ce, "Abba, kowa a ajinmu zai je."

Da wannan maganar ake cin kowane uba da yaƙi. Na sa hannu, da sharaɗin zan bi su a mota in gani da idona.

Ashe ma na san wurin. Yana Burnsville, kudu da Minneapolis, dab da babban titi mai lamba 35, na wuce shi ba adadi ina zaton tarin ƙasa ne aka yi wa fitilu. Daga gindi zuwa ƙoli bai kai mita 100 ba. Dutsen Zuma da muke wucewa a hanyar Abuja ya ninka shi nesa ba kusa ba. A ranar farko ban fito filin ba ma, na zauna a zauren da ake shan ɗumi, kofin shayi a hannu, ina leƙe ta gilashi. Abin da ya tsaya mini a rai ba gwanaye ba ne. Wani mutum ne da furfura, da rigar aikinsa a ƙarƙashin rigar sanyi, ya faɗi sau uku a ɗan gangaren 'yan koyo, ya tashi sau uku, babu wanda ya ko waiwaye shi.

Maƙwabcina wani dattijo ne, jikan mutanen Norway kamar jama'a da yawa a jihar nan. Da na ba shi labari sai ya shiga garejinsa ya fito da hular kwano da tabarau ya miƙo mini, ya ce ranar Talata da daddare ba cunkoso. Shi ya gaya mini tun 1954 aka buɗe wurin, kuma a nan ya koya, a nan 'ya'yansa suka koya.

Takalman su ne azabar farko. Roba ce mai tauri har ƙwauri, ana ɗaure ta da ƙarafa, idan ka sa ka taka sai ka ce an sa maka mari a ƙafa. Daga nan a maƙala maka dogayen alluna biyu a ƙafa. Malamata yarinya ce da ba ta girmi babbar 'yata ba. Ta koya mini da kalmomin da suke koya wa yara: idan kana son tsayawa ka haɗa bakin allunan ka buɗe bayansu, wannan sunansa fiza, don ya yi kama da yankanta, idan kana son gudu ka jera su, wannan soyayyen dankali. Ni, magidanci mai 'ya'ya uku, ina gangarowa yarinya tana bina da ihun "Fiza! Fiza!" Ban yi fizar ba. Da ɗuwawu na ƙarasa. Kuma wandon jins na sa, don wauta, ya jiƙe sharkaf ya daskare a jikina.

Akwai hanyoyi uku na hawa. 'Yan koyo suna tsayawa a kan wani bel mai tafiya irin na filin jirgi. Sauran jama'a suna hawa kujerar lilo da ke rataye a waya. Ta uku igiya ce kawai mai gudu, inji yana janta, ka cafke ta ta fizge ka zuwa sama. Na gwada ta da safar hannu ta ulu, kafin dare ya ƙare tafin safar ya tafi. Sai daga baya na lura yaran da ke tsere duk da fata suke rufe tasu.

Wannan igiyar ita ce sirrin wurin. Gangarowa ba ta cin minti ɗaya, igiya kuma tana mayar da kai sama nan take, don haka yaro zai iya maimaita abu ɗaya sau barkatai a dare guda, kamar mai tilawa. Erich Sailer, wani koci ɗan ƙasar Ostiriya, ya shafe shekaru gommai yana horar da yara a kan wannan ɗan tudu, kuma cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Lindsey Vonn, wadda ta ci wa Amurka zinare a gasar Olamfik ta Vancouver a 2010. Na ji mamaki da farko, sai na tuna 'yan ƙwallon da suka yi suna daga ƙasashenmu, ai yawancinsu a fegin unguwa suka fara, da duwatsu biyu a matsayin raga.

Wani abokin aikina, da ya ji inda nake zuwa, dariya ya yi. Shi sai Colorado. Ya nuna mini hotunan Vail, inda gangaren ya haura mita 1,000, kuma ba zan yi musu ba, wurin ya haɗu. Amma da na tambaye shi sau nawa ya je a bara, ya ce sau ɗaya, kwana huɗu. Tafiyar mota ce ta fiye da awa 13, ko kuɗin jirgi, ga otal, ga tikitin yini guda da ya haura dala 200 idan a ƙofa za ka saya. Ni kuwa minti ashirin ne daga ƙofar gidana. Ina tashi aiki in yi isha'i, in ɗauki Auta, mu yi awa biyu a ƙarƙashin fitilu, ƙarfe tara muna gida ana zuba tuwo. Ko sama ta yi rowar dusa ba a fasa ba, matuƙar sanyi ya kai na daskarar da ruwa, don suna da injinan da ke fesa ruwa da iska cikin dare, gari ya waye tudu fari fat.

Sannu a hankali na san fuskoki. Saurayin da ke tsaron kujerar lilo ya daina rage mini gudunta. Ranar da ya daina ɗin na lura, kuma na ji daɗi fiye da yadda ya dace da mai shekaruna. Alamomin hanya ma na haddace su: koren da'ira ta 'yan koyo, shuɗin murabba'i na matsakaita, baƙin lu'ulu'u na waɗanda suka ƙoshi da lafiya. Har yau ban taka na ukun ba, ba kuma na jin kunya.

A ƙarshen Fabrairu na hau can ƙoli karon farko. Iska tana yankan kunci. Ƙasa ga fitilun motoci jere a kan titi, ja a hannu ɗaya fari a ɗayan, mutane suna komawa gida su sauke labule kamar yadda nake yi a da. Auta ta ce, "Abba, ni zan yi gaba, ka bi sawuna." Na yi bismilla na bi ta. Allunan suna ƙara shuu, shuu a kowace kwana, gwiwoyina suna rawa, amma na iso ƙasa a tsaye. Ta ɗaga sandarta sama tana tsalle.

Washegari na kira Hajiya a Katsina ta WhatsApp na tura mata bidiyon. Ta kalla shiru, sannan ta ce, "To idan ka sauko sai me?"

Na ce, "Sai in sake hawa, Hajiya."

"Ka sake saukowa?"

"Eh."

Ta ce, "Kuma kai ke biyansu?" Na amsa. Ta ce Allah ya shirya, in ba ta jikarta su gaisa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin daren da maman yara ta ce ita ma a ɗaura mata takalman.